Naiden, Ɗan Tsintuwa

Ka dawo makaranta da fasasshen leɓe,
jaka na jan ƙasa, taɓo har gwiwa.
Wai ɗan Stamen ya ce maka ɗan tsintuwa.
Cire takalmi, takwara, matso ga murhu,
ni na fara ɗaukar sunan nan kafin kai,
zan faɗa maka kafin madara ta tafaso.

Uwata Dobrinka ta haifi huɗu kafin ni.
Suna bayan coci, gindin itacen tuffa,
duwatsu huɗu, ko wanne bai wuce tafi biyu ba.
Babu wanda ya ga narkewar ƙanƙara sau biyu.
Mata suka ce mutuwa ta gane gidan,
ta san kukan sakata, ta san inda ake shimfiɗa,
ba ta ma sallama in ta tashi shigowa.

Daren da na faɗo, ungozoma Tsonka
ta ce kada a yi guɗa, kada a ƙara fitila.
Ta naɗe ni a fatar tunkiya,
ta miƙa ni ta taga, ba ta ƙofa ba,
ta gangara da ni cikin duhun asuba
har mararrabar da ke bakin gadar Iskar,
ta ajiye ni a kan dusar ƙanƙara, ta juya.
Uwata na bayan shinge, jini bai tsaya mata ba,
ta cusa gefen ɗankwali a baki tana cizo
don kada ta kira ni da kuwwa.

Wa zai fara wucewa? Kyarkeci ko mutum?

Kolyo mai gawayi ne, kunnensa ɗaya a toshe.
Bai ji kukana ba, alfadarinsa ne ya toge.
Ya zage shi, ya zage uwar da ta haife shi,
sannan ya duƙa ya ga abin da ke motsi.
Ya ɗaga ni sama da baƙaƙen hannuwa:
"Jama'a, na tsinci yaro! Wa ke saye?"
Uwata ta fito kamar mai wucewa,
ta taya ni da kwabo uku da burodi guda,
muryarta ko rawa ba ta yi ba wajen tayawa.

Fada ya tsoma ni a ruwa, ya buɗe littafi,
ya rubuta Naiden, wato tsintacce,
daga tsohuwar kalmarmu ta samo abin da ya ɓace.
Sai mutuwa ta zo, in ji tsofaffi,
ta ce ina ɗan Dobrinka na biyar?
Aka ce babu, wannan ɗan hanya ne,
ba mu san uwarsa ba, sayensa muka yi.
Ta duba takardunta, ba ta ga sunan ba,
ta wuce tana ƙunƙuni ta bayan rijiya.

Shekara tamanin da ɗaya ke nan tana nema.
Kwanan nan nakan ji takunta a tsakar gida,
na san ta gano inda lissafi ya kwana.
To, ta zo. Ai na riga na ci ribar kwabo uku.

Gobe ka je ka sami ɗan Stamen,
ba da dutse ba, ka tambaye shi kawai
me sunan ubansa ke nufi. Tsayayye.
Wata uwa ce ta roƙi jariri ya tsaya,
tsoro ɗaya ne ya raɗa mana suna duka.

Buɗe akwatin can, ɗauko fatar tunkiya.
Ka ga baƙin tabon nan a gefen wuya?
Babban yatsan Kolyo ne. Uwata ta hana a wanke.
Shafa shi. Yanzu sauke tukunyar,
madara na zubewa.